Bushiya Mai Koriyar Kwat

Duk allon da Mai Fenti ya rubuta a unguwar, in ka duba can ƙasa a kusurwa za ka ga wata 'yar bushiya tsaye da ƙafa biyu, da tabarau, da tocila a hannu, sanye da koriyar kwat. Tana jikin allon mai aski, tana bayan motar mai burodi, har a ƙofar mai gyaran rediyo, wanda ya yi ta mita cewa bai ce a sa masa ba, amma ya hana a goge. Shi ya sa yara da manya suke kiran mutumin Baban Bushiya.

Ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Ta wani tsohon katun ce da ake nunawa da yamma yana ƙarami: abu ya ɓata a gari, kowa ya ɗora wa aljanu, bushiya ta bi sawu da tocilarta har ta kamo mai laifin, kullum kuma mutum ne. Talabijin ɗin gidansu baƙi da fari ne, ba ya nuna hoto sai an riƙe masa eriya. Yayarsa ce mai riƙon eriyar, ita ce kuma ta gaya masa kwat ɗin koriya ce, wai ta gani da idonta a talabijin mai kala na gidan ƙawarta. Shi kuwa auta, in Yaya ta faɗa, magana ta ƙare.

Ya koyi sana'a, ya yi aure, ya yi furfura, bushiya tana nan. A shagonsa mai warin fenti da kananzir akwai kwalaye jingine da bango, cike da labaran da shi ya ƙago mata: ta gano ɓarawon tsani, ta gano mai sace murfin gwangwani. Matarsa takan ce da za a tara koren fentin da ya ƙarar a kan dabbar nan, da ya isa a shafe unguwar duka har da mazaunanta.

Wata rana shugabar makarantar yara ta zo tana so ya zana musu bushiyar a bangon harabarsu, babba, yadda za a hango daga titi. Don ta sauƙaƙa masa ta bugo hoton a takarda. Ya karɓa yana murmushi irin na wanda aka kawo wa hoton 'yarsa, sai murmushin ya tsaya. Kwat ɗin ja ce, jawur.

"Malama, injin bugawarku ya samu matsala."

"A'a, Baba, haka take. Duba nan." Ta buɗe masa katun ɗin a waya. Ga bushiyarsa tana tafe da tocila, ja tun daga wuya har gwiwa.

Abin ya taɓa shi fiye da yadda ya zata. Ba kunyar allunan ce ta dame shi ba, duk da ita ma ta yi nata. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Yaya, wadda bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Ya wanke hannu sama-sama, ya nufi gidanta.

Ya same ta a baranda. Idanunta sun daɗe da raunana, sai haske da inuwa take rarrabewa, amma hancinta na nan garau.

"Auta ne? Tun daga ƙofa na ji kananzir."

"Yaya, ashe kwat ɗin bushiya ja ce."

"Ja ce? Ikon Allah!"

"Kin ce kin gani a gidan ƙawarki."

Ta yi dariya har da tari. "Wace ƙawa? Duk layinmu wa ke da mai kala? Kai ne ka zana ta a bayan littafina, ka zauna kana rusa kuka wai ba ka san kalar da za ka sa mata ba. Na leƙa gwangwaninka, duk fensiran kalar sun ƙare, saura guntun kore kamar ɗan yatsa. To me zan ce maka, ja? Ka samo shi a ina?"

Dattijo guda da shi, ya zauna a bakin baranda yana goge ido da hannun riga, yana cewa kananzir ne.

Bangon makaranta ba nasa ba ne, don haka ja ya sa mata kamar yadda Malama ta nema, ya kuma yi aikin da kyau. Da ya gama, Yaya ta kafe sai an kai ta. Ya riƙo hannunta har gaban bangon. Ta ɗaga kai tana ƙifta ido, ta shafa wajen da tafin hannu, sannan ta juyo.

"Ina ganin alamarta, ga tocilar can. Wace kala ka sa wa kwat ɗin?"

Ya dubi jan da ke ɗaukar ido a rana, ya dubi yayarsa.

"Koriya, Yaya."

Ta danne dariyar da ke neman kuɓuce mata. Sai ta matse hannunsa.

"Ka gani ko? Ai na gaya maka."