Malam Bobboi Mai Rediyo da Sunaye Goma Sha Ɗaya

Ranar Talata da hantsi ina Lau, ina duba gonar shinkafata, sai ga Ishaya direba ya tsayar da motarsa a gefen hanya ya sauko. Ya ce, "Sa'adu, Malam Bobboi ya rasu jiya da azahar. An kai shi bayan la'asar." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a kan kunyar gona. Amma da na bi shi a motarsa, kafin mu iso Jalingo, ni da Ishaya dariya muke yi hawaye na zuba, domin babu labarin Malam da za ka ɗauko ka same shi ba daɗi.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Bobboi mai gyaran rediyo ne a unguwar Sintali, cikin Jalingo. Bai taɓa buga ƙwallo ba, kiwo ya yi da ƙuruciyarsa. Sai dai tun da aka ba mu jiha, aka kafa ƙungiyar ƙwallo mai biyan 'yan wasa albashi, ya zama ba ya fashin zuwa kallon atisaye. Zai jingine kekensa a gindin mangwaro ya zauna ya zuba ido. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, sai ya ɗauki alli ya rubuta a ƙyauren shagonsa sunayen mutum goma sha ɗaya da yake ganin koci zai sa ranar Asabar. Ma'aikatan sakatariya da 'yan acaɓa su taru ana musu har magariba. Da wuya ya kuskure fiye da suna ɗaya. Da aka fara cewa duba yake yi, sai ya yi murmushi ya ce, "Ni ba duba nake yi ba, kallo nake yi. Wanda ya yi kiwo yakan gane saniyar da za ta yi ɗingishi tun ita ba ta sani ba."

Ni kaina ina cikin waɗanda kallon nan ya amfana. Shekara biyu ina ƙungiyar a matsayin ɗan gaba, amma kullum a benci nake ƙarewa. Da aka ce za a rage 'yan wasa kafin sabuwar kaka, na tabbata da ni za a fara. Na ɗaure kayana zan koma gida Mutum Biyu, na biya shagonsa in yi masa sallama.

Ya ɗago daga rediyon da yake kwancewa ya ce, "Ɗana, wa koci ya fi yi wa tsawa a makon nan?"

Na ce, "Ni ne, Baffa."

Ya ce, "To kwance kayanka. Wanda ake yi wa tsawa da shi ake so a yi aiki. Wanda aka yi wa shiru shi ne zai nemi mota. Mai lamba uku yana ɓoye ciwon gwiwa, kai kuma bahago ne. Baya za a mayar da kai."

Ranar Juma'ar nan ya rubuta sunana a lamba uku. Jama'a suka yi ta dariya, har wani ya ce tsufa ya fara kama Malam. Washegari koci ya miƙo mini riga mai lamba uku. Da na fito fili na hango Malam a tsaye cikin 'yan kallo, ya ɗaga hularsa sama yana kaɗawa kamar mai kiran garke. Shekara huɗu na yi a wannan gurbi, a ciki na yi aure, a ciki na sami gonar da nake nomawa yau.

Idan kuwa ya kuskure, ranar ta fi kowace daɗi. Akwai lokacin da ya rantse tsohon gola ne zai tsaya, koci ya sa sabo, sabon kuma ya kama fanareti. Malam da kansa ya je gidan yaron ya ce, "Na raina ka, ka yafe mini." Sannan ya sa mai shayi ya haɗa wa duk wanda ya zo yi masa tsiya. Yakan ce, "Idan na faɗi daidai na ji daɗi ni kaɗai. Idan na kuskure, unguwa duka ta ji daɗi."

A zaman makoki na ga tsofaffin 'yan wasa, Musulmi da Kirista, har da waɗanda ya taɓa hasashen za a sallama kuma aka sallame su. Ɗaya daga cikinsu ya gaya mini Malam ne ya bi shi har gida a lokacin, ya ja shi shago ya koya masa gyaran rediyo, da shi yake ciyar da iyalinsa yanzu.

Allah ya jiƙan Malam Bobboi, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Goggo Dija haƙurin rashin abokin zamanta, ya raya 'ya'yansa Hajara da Buba da ƙannensu, ya sa su gaji idonsa mai ganin alherin mutum tun mutumin bai gan shi ba. Mu kuma, idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.