'Ya'yan Gwaggo

Ban taɓa mantawa da ranar da na zauna a kan tukunyar Alhaji Sabo ba, kuma shi ma na san bai manta ba, don har yau in ya hango ni a unguwar Treichville sai ya tsallaka titi. Ku 'yan mata da kuka zo aikin nan daga baya kuna tambayata inda ake samun kayan girki masu kyau da sauƙi, to ku matso ku ji.

Lokacin ina uwar girki a rumfar Hajiya Balaraba, nan bayan tashar jiragen ruwa, inda 'yan dako ke cin abincin rana. Ga wanda bai san tsarin ba: uwar girki ce ke auna shinkafa da ruwa, ita ke ba da umarnin ƙara wuta ko janye itace. Ƙarƙashinta akwai mai miya, sai masu yanka albasa, sai masu wanke-wanke. Hajiya tana bakin ƙofa tana karɓar baƙi. In abinci ya yi daɗi a yabi Hajiya, in ya lalace a nemi Kande. Ni ce Kanden.

Muna da wata babbar tukunyar dalma, baƙa ƙirin, kunnenta ɗaya a karkace. Gwaggo muke ce mata, don ta girme mu a wurin kuma ba ta son gaggawa. Amma in ka ba ta shinkafa, za ta dawo maka da ita warwar, ƙanzonta ma sai an yi rigima a kansa.

Sai ƙanin Hajiya, wannan Alhaji Sabon, ya sauke kwantena ta kayan kicin. Ya kawo wa yayarsa tukwane masu ƙyalli, kana ganin haƙoranka a jikinsu, murfi na gilashi. Wata safiya ina kasuwar kifi, Hajiya ta kira masu sayen tsoffin ƙarafa suka kwashe tsofaffin tukwanenmu, har da Gwaggo. Na dawo na tarar da murhu kamar gidan da aka yi rasuwa.

Na ce, "Hajiya, ina Gwaggo?"

Ta ce, "Kande, zamani ya juya. Karanta kwalin nan ki ga ƙasar da aka yi su."

Na ce, "Hajiya, ni ban iya karatu ba, wuta ma ba ta iya ba."

Haka kuwa aka yi. Gindin tukwanen nan ba kauri, kamar ɓawon albasa. Shinkafa sama ɗanya, ƙasa gawayi, ƙauri har bakin titi. 'Yan dako kuma bakinsu ba linzami. Wani ya ɗaga farantinsa ya yi mini jaje irin na mutanen garin nan, ya ce, "Yako, Tanti! Gobara aka yi ne, ko sabon salo ne?" Washegari rabinsu suka koma wurin mai aceke, wato dambun rogo, da kifi. Hajiya ta fara cewa wai hannuna ne ya tsufa, har na ji ana raɗe-raɗin za a ba mai miya ludayina. Ni, da na ciyar da tashar nan tun waɗannan yaran suna goye!

Ranar da Alhaji ya zo duba kayansa, da babbar riga da turare, sai ya ce mini, "Baba Kande, sai kin koyi rage wuta. Waɗannan ba irin na ƙauye ba ne."

A garinmu tun ina yarinya, ba a sayen babbar tukunya sai an kife ta an zauna a kai. Na ɗauko mafi girma, na kife, na gyara zanena, na yi bisimilla, na zauna. Kun dai gan ni, Allah bai rage ni da komai ba. Tukunyar ta yi wani kuka kamar akuya, ta lotse, na tafi da ita har ƙasa, ƙafafuna a sama. Sai da masu wanke-wanke suka taru suka ciro ni. 'Yan dako har da masu kwanciya don dariya.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Tunda kin fi kowa sani, je ki kawo wadda ta fi ta. In shinkafar gobe ta ƙone, ki ajiye mini ludayina."

Na hau gbaka, motar hayarmu ta nan, sai kasuwar Adjamé, kwankwasona na zogi. Ban tsaya shagunan bakin titi ba, inda ake jera masu ƙyalli don amare. Na kutsa can ciki, wurin maƙera, inda ake narka tsohuwar dalma a zuba a ƙasa ta fito tukunya. Nan masu sayen ƙarafa ke kai kayansu, don haka raina ya ba ni zan tarar da Gwaggo. Na sami Malam Idi, wani maƙeri mutumin Damagaram, na kwatanta masa ita, har da karkataccen kunnen.

Ya cire hula ya ce, "Allahu akbar. Baba, kin makara, ta shiga wuta. Amma ba ta tafi haka nan ba." Ya nuna wasu sababbin tukwane a gefe, ko gogewa ba a yi musu ba. "Ga 'ya'yanta nan."

Na ce, "Malam Idi, ka ji tsoron Allah. Kowace tsohuwa ta zo haka kake gaya mata?"

Ya ce, "Wadda ta zo da hawaye kaɗai. Kife ki zauna mana."

Ban roƙa ba, shi ya ce. Na ƙwanƙwasa kowace na ji amonta, na sa aka cika su da ruwa na duba ko za su yi gumi, sannan na kife su na zauna ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan girgiza jiki. Ko motsi. Muka yi ciniki, kuɗin bai kai na murfin gilashin Alhaji ba.

Da yamma na tafasa su da toka na wanke, don sabuwar dalma tana baƙanta abinci. Washegari shinkafa ta fito warwar. Wanda ya yi mini yako shi ya fara miƙo faranti yana neman ƙanzo. Hajiya ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan, ta koma bakin ƙofarta. A wurin Hajiya wannan ban haƙuri ne. Tukwanen Alhaji kuwa muka mayar da su na jiƙa wake.

Ko da gaske jinin Gwaggo ne, ko Malam Idi ya shirga mini ƙarya, ban sani ba har gobe. Ƙaryar dai ta ɗauki nauyina. Abin da aikin nan ya koya mini ke nan: mai kaya in ya ce kar ki taɓa, ki gaishe shi ki wuce. Ki nemi wanda zai kife tukunyarsa da hannunsa ya ce ki zauna. Ku da ba ku da jiki kuma, ku zo ku ɗauke ni, kuɗin gbaka kawai za ku biya.