Nonon da Na Hana Shi

Tun kafin in yi ciki nake tsoron haihuwa, ba don naƙuda ba. Tsorona kar in haifi ɗa in kasa son sa. A gidanmu cewa ake ba ni da zuciya. Ba na kallon idon mutum, ba na son a taɓa ni, in injin niƙa na bayan gida ya tashi sai in toshe kunne. Ranar da kakarmu ta rasu kowa na kuka, ni ina tsakar gida ina jera tattasai a tabarma. Na yarda da su, don ban ga abin musu ba.

Na yi aure a nan Haɗeja, maigidan manomin shinkafa ne a fadama. Da na haifi ɗan fari, mata suka yi ta yabona. "Kun ga kunya irin ta mutanen da! Ko kallonsa ba ta yi." Ni na san ba kunya ba ce.

Ya shekara da 'yan watanni, a kira shi ba ya waiwayowa. Sai ya zauna yana jera murafan kwalba, in an taɓa ɗaya ya fasa ihu. Na ga kaina tsaf. Na ce shi ke nan, a nono yake shan halina.

Sai na yi wa surukata ƙarya. Na ce, "Inna, ina jin ciki ne da ni."

Ta tafa hannu. "Wa! Nonon mai ciki ai dafi ne. Ki cire shi yau ɗin nan."

Na shafa maɗaci a nonon, ta tafi da shi Malam Madori yaye. Sati uku aka dawo mini da shi wuya kamar kara, ya ƙi cin komai. Da ciki bai fito ba suka ɗauka ɓari na yi. Har jaje aka zo mini, har da farfesun kifi, kuma na ci.

Da na kai shi asibiti, wata ma'aikaciya ta yi ta tambayoyi a kansa. Ta ce sai an ƙara dubawa, amma tana zaton otizim ne, abin da wasu ke kira galahanga. Can ta ajiye biro. "Maman yaro, rabin amsar nan ai halinki ne ke ma fa."

Na ce, "Ni ai ina magana, ina girki. Masu wannan ba sa magana. Ni dai zuciya ce babu. Shi ya sa ma na yaye shi, kar ya gama shanye halina."

Ta ce, "Akwai masu magana, har masu aure da 'ya'ya. Kuma ba a nono ake shan sa ba, halitta ce. Wa ya gano sai a kofi shuɗi yake shan kunu?"

Na ce ni.

"Wa ya san ƙarar babur ce ke sa shi ihu?"

Ina ta kallon zanen tayil ɗin ƙasa, kunya kamar in nutse. Da muka koma gida na rufe ɗaki na gwada shayar da shi. Nonon ya ƙafe.

Yanzu ya murmure, yana kwana da yatsana a hannunsa. Inna har yau in ta tuna "cikin nan" sai ta yi mini addu'a, ni kuma in ce amin. Ban sami bakin gaya mata ba tukuna.

Roƙona gare ki, 'yar'uwa: in kin ga mace za ta yaye ɗa ba lokaci ba, ki ja ta gefe ki tambaye ta me take tsoro, tun da sauran ruwa a nonon.