Ɗarin da Muka Sha a Kan Dutsen Kwatarkwashi

Shekarun baya, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau, aka taɓa sa mu hawan Dutsen Kwatarkwashi a tsakiyar ɗari. Lokacin ban fi wata biyu da aure ba, muna zaune a Nahuce. An gama girbi, dawa ta shiga rumbu, ba abin da ya rage wa mutum sai jin wuta da safe da gyaran danga. Sai ga saƙo daga hakimi, wai wani Bature mai awon ƙasa zai hau dutsen, ana son majiya ƙarfi goma sha biyu su ɗaukar masa kaya. Mai gari ya nuna ni, ya nuna abokina da muka tashi tare, ya cike sauran. Ba a tambayi kowa ko yana so ba. A wancan zamani ba a tambaya.

Wanda aka ba jagorancin tafiyar kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Maharbi ne, kuma yakan ɗebi zuma a kogunan dutsen, har ya san inda mikiya ke sheƙa. Ana gobe za mu tashi ya tara mu a ƙofar gidansa.

Ya ce, "Ku saurara da kyau. Sanyin da kuke kuka da shi nan ƙasa wasa ne. Can bisa ba itace, ba danga, ba abin da ke tare iska. Kowa shi zo da buzu, shi zo da sanda, shi shafe ƙafafu da man kaɗe don faso. Kuma ba a hawan dutsen ga sai hantsi, in rana ta ɗumama shi."

Ni kuwa, da yake ango ne, na ga buzu bai dace da ni ba. Rigar aurena na ɗauko, fara sol, don na ji an ce za a ga Bature. Mahaifiyata ta dube ni, ta naɗe buzun tumaki ta cusa a cikin burgamina tare da ɗan kwanon man kaɗe. Na yi ta ƙunƙuni a hanya, wai tana ɗaukata yaro.

Da la'asar muka isa gindin dutsen, muka tarar an kafa wa Bature tanti. A nan na ga yadda ake shirin sanyi in mutum yana da hali. Yana da rigar ulu, da wata doguwar kwat har gwiwa, da safar hannu, da safar ƙafa biyu-biyu, da takalmi sau-ciki mai ƙusoshi a ƙasa. Har wata kwalba gare shi wadda kukunsa ke zuba shayi a ciki tun safe, a sha da zafinsa da azahar. Ba ya jin Hausa ko kaɗan. Duk abin da zai shiga kunnensa ko ya fito daga bakinsa sai ya bi ta kan tafintansa.

Tafintan nan Bahaushe ne kamarmu, amma bai yarda da haka ba. Shi ma yana da kwat, kuma Bature ya ba shi tsohon takalminsa mai ƙusa, yana takawa ƙwas-ƙwas yana duban ƙafarsa. Kada in ɓoye muku, ni ma takalmin nake kallo. Na ce a raina wata rana sai na taka irinsa.

Tafinta ya ce gobe da an sallame asuba za a fara hawa, don Bature yana son ya isa ƙoli ya yi awonsa tun da sauran safiya. Kawu ya durƙusa ya gaishe shi.

"Malam, a gaya wa Bature shi ɗan jinkirta. Da asuba dutsen ga kamar ƙanƙara yake, ƙafa mutuwa take yi, mutum bai jin inda ya taka. Ga kaya bisa kai."

Tafinta ya juya ya yi wa Bature magana, kalma biyu ko uku. Bature ya girgiza kai. Maganar da Kawu ya yi ba za ta shiga kalma uku ba ko a wane yare, amma wa zai ce haka?

Da gari ya waye, muna ɗaure kaya, tafinta ya ga kowa ya rataya buzu. Ya toshe hanci. Ya ce a ajiye, wai nauyi ne na banza, zai rage mana sauri, kuma warinsa zai shiga kayan Bature. Ku ji kayan da ba na banza ba: teburi mai naɗewa, kujera mai naɗewa, akwatin gwangwanaye, buhun siminti, tulun ruwa biyu, da akwatin wani madubi mai ƙafa uku da ake awon da shi. Kujera za ta hau dutse, amma fatar da talaka zai rufe ƙirjinsa ba za ta hau ba.

Kawu ya ce, "Malam, yaran ga za su sha wuya."

Tafinta ya ce, "Tsoho, hanya anka ce ka nuna, ba shawara ba."

Muka tara buzaye a gindin wata tsamiya. Ni har wani daɗi na ji, don rigar aurena za ta fito fili. Kawu kuwa sai na ga ya ɗauki igiyarsa ta rama ya naɗe a kugu, ya saki riga a kai.

Ba mu yi nisa ba na gane rigar aure ba ta san ɗari ba. Iska na shiga ta wuya ta fita ta hannu. Falalen dutsen kuwa, in ka taka, kamar ka taka wuƙa. Can sai zafin ya ɗauke, ƙafar ta zama kamar ta aro. Man kaɗen da na raina shi ya cece ni, don waɗanda ba su shafa ba dugaduginsu ya tsage, muna bin sawun jininsu a kan dutse. An ba ni buhun siminti. Abokina, da yake an san shi da natsuwa, shi aka ɗora wa akwatin madubin, aka ce ransa ne a ciki.

Da hantsi muka kai ƙoli. Daga can ana hango ƙasa shimfiɗe har wajen Tsafe, amma ba wanda ya samu sukunin kallo. Iskar wurin ba ta tsayawa ta huta. Haƙorana suna haɗuwa, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Kawu ya samu wani lungu, ya tattaro 'yan ƙirare da busasshiyar ciyawa, ya fito da ƙyastu. Wuta ta fara kamawa ke nan tafinta ya zo ya take ta da takalminsa. Wai hayaƙi zai ɓata wa Bature gani a madubi. Lungun nan yana bayan Bature, iska kuma gaba take kai hayaƙin, nesa da shi.

Haka muka zauna tun hantsi har bayan azahar, mutum goma sha biyu cure wuri ɗaya kamar 'yan tsaki. Da hannuwan da ba sa ji muka kwaɓa siminti, muka gina ɗan turken da Bature ya ce a gina. Shi yana kan kujerarsa yana rubutu, yana kurɓar shayi, tururi na tashi. Sau ɗaya ya dube mu ya tambayi tafinta wani abu. Tafinta ya yi dariya ya ba shi amsa, shi ma ya yi murmushi ya koma kan rubutunsa.

Da aka zo sauka, Kawu ya tsaya a bakin wani falale mai gangara sosai, ya ce duk mai takalmi ya cire, ƙusa ba ta kama dutse mai sulɓi. Wannan karon bai jira tafinta ba. Ya nuna ƙafar Bature, ya nuna dutsen, ya karta ƙarfen sandarsa a kai ta zame. Bature ya gane nan take. Ya zauna ya kwance takalminsa, ya rataya a wuya, ya bi bayan Kawu da safa. Suka sha kwana, suka ɓace mana.

Na ce wa tafinta, "Malam, kai ma da ka cire."

Ya ce, "Ni na yi maka kama da baƙauye?"

Yana gabana da taku uku, abokina yana gabansa. Da idona na ga ƙafarsa ta tafi. Ya kai hannu ya cafki rigar abokina ta baya, suka faɗi tare, suka gangara. Akwatin madubi ya yi tsalle sau biyu, ya wuce bakin dutse, muka daɗe kafin mu ji ƙararsa a ƙasa. Su kuwa Allah ya sa wani ɗan baure da ya tsiro a tsaguwar dutse ya tare su, saura kaɗan su bi akwatin.

Muka yi kururuwa, Kawu ya dawo da gudu. Ya kwance igiyar kugunsa, ya ba mutum biyar suka riƙe, ya sauka. Ya fara ɗaura wa tafinta igiyar, don shi ke bisa, yana ta salati yana kiran Kawu "Baba". Muka jawo shi, ko ƙwarzanen kirki bai yi ba. Sannan aka jawo abokina. Ƙafarsa ta hagu ta karye a ƙwauri, ƙashi ya turo fata. A bayansa Kawu ya goyo shi har gindin dutse, muka shimfiɗe shi a kan buzayen da aka hana mu, muka lulluɓe shi da sauran.

Kwana uku bayan haka aka kira mu ƙofar hakimi. Na ɗauka za a yi wa Kawu godiya ne. Sai muka ji tafinta ya miƙe yana cewa Kawu da gangan ya bi da su muguwar hanya don an ƙi bin shawararsa, abokina kuma sakaci ya yi ya saki akwati, shi tafinta kuwa garin kai hannu ya tare shi ne ya faɗi.

Aka ce akwai wanda ya gani? Na tashi. Na faɗi komai, tun daga buzu har wutar da aka take, har takalmin da aka ƙi cirewa, har hannun da ya cafki riga. Na faɗa da Hausa tsantsa, hakimi ya ji, fadawa sun ji, duk wanda ke wurin ya ji. Tafinta ya saurare ni har na gama, fuskarsa ko gezau. Sannan ya juya ya yi wa Bature dogon Turanci. Bature ya dube ni, ya gyaɗa mini kai kamar mai yabawa, ya rubuta wani abu. Na koma na zauna ina jin na yi abin kirki.

Hukuncin da ya fito shi ne a yi wa Kawu bulala a kai shi gidan yari a Gusau wata uku. Abokina aka ce an yi masa afuwa, karayar ta ishe shi. Hakimi ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Kawu ya yi watanninsa ya dawo a rame. Da na je gaishe shi na kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Mi kake jin kunya? Na ji abin da ka ce, ɗana. Kunnena ba tafinta gare shi ba." Bai sake hawa dutsen ba har ya rasu. Abokina kuma mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafar ta warke a gajarce. Noman da yake yi shi kaɗai ya koma sai da taimako.

Abin da aka gaya wa Bature a ranar ban sani ba sai bayan shekaru, da na haɗu da kukunsa a kasuwar Tsafe, ya bar aikin Turawa yana sayar da goro. Shi yana jin Turanci, kuma yana tare da mu a kan dutse da ƙofar hakimi. Ya ce tafinta cewa ya yi, "Wannan ɗan 'yar'uwar tsohon ne, amma ya ce ba zai ɓoye gaskiya ba, kawunsa ne ya shirya abin." Ya kuma gaya mini abin da Bature ya tambaya a kan dutse, ranar da muke makyarkyata. Cewa ya yi, mutanen nan ba sa jin sanyi ne, ina mayafinsu? Tafinta ya ce masa ai mun saba, fatarmu ba irin tasu ba ce.

Na ce, "Kai da ka ji, mi ya hana ka magana?"

Ya ce, "Ina da iyali, Malam." Ya miƙo mini goro. Ban karɓa ba.

Mutane sukan ce mini abin ya wuce, waɗanda suka yi shi duk sun bar duniya, tsoho kamata bai kamata ya riƙe abu a zuci ba. Na sani. Sanyin kansa na manta shi tuni, sanyi ba ya da laifi, lokacinsa ne ya zo. Dutse ma ba ya da laifi, wanda ya san shi ya gaya mana yadda ake binsa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne mutumin da aka jawo daga bakin mutuwa da igiya, ya kwana uku yana tunani, abin da tunanin ya ba shi ke nan. Tun daga lokacin, ko gaban alƙali ko gaban likita, in an ce wani zai kai maganata, sai na nemi mutum na biyu mai jin yaren ya tsaya kusa. 'Ya'yana suna mini dariya a kan haka, ina barinsu.

Abokina yana nan da rai, mun tsufa tare. In ɗari ya shigo ƙafar takan tashi, sai in je in same shi a bakin wuta mu yi hira. Kwanan baya ya ce mini shi kam ya daɗe da yafewa, ni ma in yafe. Na ce masa ƙafarsa ce, yana da ikon yafe ta. Ni bakina aka ara, ina tsaye ina kallo, aka ɗaure kawuna da shi. Wannan ban yafe ba.