Inda injin Baba Safiyo ya yi shiru

Baba Safiyo ya rasu. Da safen nan 'yarsa ta kira ni daga Jahun, ta ce bayan sallar asuba ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ɗazu nake riƙe da waya, in rubuta in goge.

A ofishin safiyo, na masu auna filaye, na san shi, lokacin da aka ƙirƙiro jiha aka kwaso mu daga Kano zuwa Dutse, ni ina ƙaramin akawu, shi ya kusa ritaya. Wata uku ina kwana a zaurensa kafin na samu haya, ko sau ɗaya bai nuna min ya gaji ba. In matarsa ta dama fura, sai ya turo min ƙwaryar ya ce shi Bafillace ne, ya sha rabonsa tun yana yaro.

Cikin tarkacen fayil da aka kwaso akwai tsofaffin taswirori na zamanin Turawa, gara ta ci gefensu. Kowa ya ce shara, shi ya kwafe su da fensir. Yana da wani injin neman ƙarfe da ya saya hannun masu aikin titi. Ranar Asabar sai ya goya ni a babur mu tafi neman garuruwan da ke kan takarda amma babu su a ƙasa.

Yakan ce rijiya tana cikewa, ganuwa tana rushewa, amma dutse da kuka ba sa ƙaura. Daga su yake auna taku har mu faɗa kufai. Nan injin zai yi ta ƙara: kwabo mai huji, bakin kibiya, guntun linzami, munduwar wata mata. Ya goge, ya miƙa wa mai gonar, ya ce na kakanninku ne.

A kowane kufai kuma akwai wurin da injin ke ɗauke wuta. Kana tafe yana ƙara, sai tsit. Nan Baba zai tuɓe takalmi.

Ranar farko na yi dariya, na ce batir ne. Ya ce min:

"Rayayye ne ke yar da ƙarfe, ɗana. Musulmi ba a binne shi da ko allura. In ka ji shiru a gefen gari, masu garin ne kwance."

Bature bai zana maƙabarta ba, abin da zai karɓi haraji a kai kawai ya zana. Baba ne ke ƙara ta da jan fensir, ya je ya sanar da mai unguwa don kar a sa garma.

Abin da zan faɗa yanzu ko matata ba ta taɓa ji ba sai yau.

Da aka ba ni fuloti a bayan gari, don murna na kai shi ya gani. Ya dubi wata kuka, ya dubi duwatsu, ya buɗe taswira. Ya kunna inji. A fulotin maƙwabci sai ƙara yake. Yana shigowa nawa, daga gabas har tsakiya, tsit.

Ya ce in nemi a canza min. Ni kuwa, taurin kai kamar na jaki, na ce shiru ai ba hujja ba ne, shekara nawa ina bin layi.

Da leburori suka haƙa harsashin ɗakin gabas, suka tarar da fasassun tukwane a jere, irin waɗanda ake rufe kabari da su. Na gani da idona. Na ce su mayar da ƙasa su zuba kankare.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a muka tare a gidan. Lokacin kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a taru min a ƙofa, ina ji ina gani. Bai faɗa wa kowa ba, bai kuma daina zuwa ba. Duk Juma'a zai zo wa yara da dabino, ya tuɓe takalmi tun daga bakin titi, ya yi sallama sau biyu: ɗaya da ƙarfi, ɗaya ƙasa-ƙasa yana fuskantar ɗakin gabas. Yara suka ɗauka tsufa ne. Bai taɓa taka ɗakin ba, ni kuwa a ciki nake kwana.

Ba mu taɓa ganin komai ba, kar wani ya ƙara gishiri. Sai dai ban taɓa yin barci mai daɗi a ɗakin nan ba, kuma na san dalili.

Watan jiya na je gaishe shi a Jahun. Ido ya tafi, da muryata ya gane ni. Muka yi hira, ya tsokane ni wai tumbi ya hana ni hawa babur. Da zan tashi ya riƙe min hannu.

"Shekara huɗu ban zo ba. Akwai mai yi musu sallama?"

Na ce babu.

"To ka fara, ɗana. Sun riga ka zuwa wurin."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na dawo ban fara ba, kunya ta hana ni.

Ɗazu na zaunar da matata da yara na faɗa musu komai. Ta tashi ta fara fitar da kaya daga ɗakin. In mun dawo daga jana'iza zan je wurin mai unguwa da liman. Ɗakin zai sauka, a zagaye wurin, duk abin da za a ce min a ce.

Allah Ya jiƙan Baba Safiyo, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa min. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ku haɗa da bayin Allahn da ke ƙarƙashin ɗakina, ban san sunan ko ɗaya ba. Ku kuma roƙa min Allah Ya yafe min haƙƙinsu.