Turkancin Malam Habu

Shekara shida ke nan da rasuwar Malam Habu, kuma kafin wani ya riga ni faɗa, ni ne wawan wannan labari. Karatuna ya tsaya a aji huɗu na firamare, sai lasin tuƙi, amma a ɗakinmu da ke bayan Asian Town a nan Doha ni ne shugaban masu sharhi kan duk abin da bai shafe ni ba.

Malam Habu gadi yake yi a wani kanti a Al Rayyan. Da ƙuruciya ya je karatu Turkiyya, karatun ya tsaya a hanya, ya dawo ba takarda, sai harshen mutanen a bakinsa da son shayi a ɗan mitsitsin kofin gilashi. Duk 'yan ɗakin mun baro yara a gida. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ce zai riƙa koya wa 'ya'yanmu 'yan firamare hira da Turkanci ta kiran bidiyo. Na tambaye shi ko ya samu labarin Turkawa na neman surukai a unguwarmu Kurna ne, don yaran nan ko Turanci bai zauna musu ba. Ya yi murmushi ya ci gaba da zuba shayinsa.

Ajin nasa ba allo, ba littafi. Cewa ya yi hira sai mutum biyu, saboda haka dole kowane uba ya zauna ya riƙe waya, yaro ya yi tambaya, uba ya ba da amsa. Autata Hafsatu tana aji uku a lokacin. Sai ta ce, "Nasilsin, Baba?" wato yaya kake, ni kuma in ce "Iyiyim," wato lafiya lau. Yadda nake fitar da kalmar kamar mai ciwon haƙori, har kwanciya take yi kan tabarma don dariya.

Duk mako da sabuwar tambaya. Me ka ci yau? Ina ka kai mutane? Ka gaji? Kuma Malam ya hana ƙarya. In gwiwa na ciwo sai ka ce tana ciwo, shi zai ba ka kalmar. Ta haka yarinyar ta san ubanta na cin shinkafar Indiyawa yana hawaye saboda yaji. Ni ma ta haka na san ba ta son lissafi, kuma tana tsoron ragon maƙwabta.

Ni fa a lissafina tallafin karatu muke farauta. Har a kasuwar Souq Waqif na riƙa shaida wa 'yan dako cewa 'yata likita ce a Istanbul, lokaci kawai ake jira. Na taɓa tambayar Malam yaushe za a fara cike takardu, ya ce in sha shayina kafin ya huce.

A bakin aiki Malam ya yanke jiki ya faɗi, cikin zafin nan da ke narkar da kwalta. A nan Doha aka binne shi, Allah Ya jiƙansa. A maƙabarta muka yi alkawarin ajin ba zai mutu ba. Ba a je ko'ina ba wannan ya ce an sauya masa lokacin aiki, wancan kafil, wato ubangidansa, ya sallame shi, ni kuma na ce wa zai gyara mana in mun yi kuskure. Khalas, shi ke nan.

Da Malam zai leƙo yau, ban san abin da zan nuna masa ba. Cikin yaran babu wanda ya taka Turkiyya. Ɗaya yana tuƙa adaidaita, ɗaya tana sayar da awara a ƙofar gida. 'Yan ɗakin na yanzu, samari ne, kowa ya toshe kunne ya juya wa ɗan'uwansa baya. In ka yi zancen koyon harshe sai su nuna maka waya, wai ita ke fassara komai. Ba sa ma kiran gida, saƙon murya suke turawa suna ɗaura takalmi. Ina yi musu faɗa da murya irin ta dattawa, alhali nawa kiran bai wuce ya makaranta, ya jiki, ba wa mamarki wayar.

Abin da ya rage na Malam Habu a hannuna kofin gilashin nan ne, bakinsa ma ya ɓantare. Sai kalma ɗaya, iyiyim, wadda yanzu in na faɗe ta ƙarya nake yi.

Juma'ar da ta wuce na ce bari in auna sauran gadon. Na kira Hafsatu, yanzu tana shirin gama ƙaramar sakandare, na gyara murya na ce, "Nasilsin?" Ta ce ta manta amsar. Nan na hau ta da wa'azi, na ce an yi asarar wahalar bawan Allah, yaran zamani ƙwaƙwalwarsu rariya ce, ga shi likitar Istanbul ko gaisuwa ba ta iya ba.

Ta bari na gama tsaf. Sannan ta ce, "Baba, ni fa ba don Turkanci nake zama ba. Ranar ajin ce kaɗai ba ka cewa in ba Mama wayar."