Masuncin da ya hau gorar ƙarfe

A Dagona aka haife ni, a gidan masunta, kuma abin da na fara sani a duniya shi ne warin banda. In maza suka fito daga ruwa da la'asar, mata su feɗe kifi, su jera shi a kan ragar itace, a hura wuta a ƙasa. Wutar nan ba a barinta ita kaɗai, don in ta yi harshe kifi ya ƙone, in ta mutu ya ruɓe. Kakata, uwar mahaifina, ita ce mai gadinta. Da an idar da magariba sai mu yaran unguwa mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye, sauro na cin ƙafafunmu, amma ko da bulala ba a tashinmu.

Kaka ba ta da haƙuri da tatsuniyar Gizo. Takan ce ƙaryar Gizo ta tsufa, har ta yi furfura. Ita tana cikin waɗanda suka taka har Nguru a ƙafa don su ga jirgin ƙasa lokacin da ya fara zuwa, kuma tun daga ranar kanta bai koma daidai ba. Ta ce mutanen da suka sa ƙarfe ya yi gudu a ƙasa ba za su ƙyale sama ta huta ba. Saboda haka tatsuniyoyinta duk na abin da bai zo ba tukuna ne: garin da aka gina a ƙarƙashin kogi, da jakin ƙarfe mai noma ba ya cin dusa. Manya suna cewa tsohuwar nan ta faye shirme, amma sai ka gan su sun raɓe a bakin zana suna saurare.

Ina da wayo sosai lokacin da mahaifina ya tafi. Ya kai bandar kifi Nguru a kan jakuna, ya tarar ana ɗibar soja don yaƙin Turawa, jakunan suka dawo ba shi. Wanda ya koro su ya ce ya gan shi a tagar jirgi yana ɗaga hannu. Innata ta yi kuka har muryarta ta dushe. Kaka kuwa ko ɗigon hawaye. Shi ne ɗanta na fari, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Sunansa Bukar, amma har zuwa lokacin ban taɓa jin sunan a bakinta ba. In dole ta kama sai ta ce "wancan". Da aka gaya mata ya tafi, sai ta ce, "To," ta ci gaba da juya kifi.

A daren ne ta fara tatsuniyar masuncin. Ta ce, "Ga ta nan tafe bisa ruwa." Muka ce, "Ta iso gaɓa mu ji ta."

Wai an yi wani masunci da kifin kogi ya ishe shi. Kun san yadda mazanmu ke kwanciya rub-da-ciki a kan babbar gora, suna iyo da ƙafa, homa, ragar kamun kifi, a hannu, abin da suka kama su jefa ta bakin gorar. To shi sai ya je wa maƙeri ya ce a ƙera masa gora ta ƙarfe, mai ɗaki a ciki, mai wuta a gindi irin ta jirgi. Ya shiga, ya rufe bakin da danƙo don kada iskarsa ta tsere, aka hura wuta, gora ta tashi. Ta wuce tsuntsaye, ta wuce hadari, ta wuce wata, har ta kai wani baƙin kogi marar gaɓa inda taurari ke iyo garke-garke. Kafin ya tashi ya ce wa uwarsa ta ɗora tukunya, yanzu zai kawo mata kifin miya.

Nan ta tsaya. Muka ce, "Kaka, ba ki rufe ba." Ta ce, "Wa ya taɓa rufe ƙofa mutum na waje? Ku tashi ku ba ni wuri, masu kunnen ƙashi."

Haka muka yi ta yi, damina da rani. Ko wace tatsuniya ta kawo, sai mun ce a koma wa mai gorar ƙarfe, ita kuma ta yi tsaki kamar ba ta so, sannan ta gyara zama. Yau ya sauka a wata duniya mai rana biyu, inda mutum ke da inuwa gaba da baya. Gobe homarsa ta kamo tauraro mai wutsiya ya ja shi tafiyar da ba iyaka. Wani dare wutar gorarsa ta kusa mutuwa, muka yi tsit har muna jin ƙarar kitsen kifi a garwashi, sai Kaka ta ɗauki kara ta tona wutar gabanta, ta ce, "Ta kama." Ba ta taɓa barinsa ya kwana cikin hatsari ba, kuma ba ta taɓa juyo da shi gida ba.

Da yaƙi ya ƙare sojoji suka fara dawowa. Na Gashuwa suka dawo, na Katuzu suka dawo, da manyan takalma da akwatunan ƙarfe. Duk jirgin da aka ce ya iso Nguru sai Inna ta share ɗaki. Ni kuwa zuciyata ta cika da fushi. Wata magariba a gaban kowa na ce, "Baba ya manta da mu ne. Ya sami wani gari ya zauna." Na so Kaka ta mare ni, ko ta ce ƙarya nake yi. Ba ta iya ba, don kare shi ma nuna so ne. Ta dube ni kawai, ta ce wa yara, "Ina muka tsaya?"

A daren ta ce, "Kun san can sama ba asuba, ba magariba. Gorar nan kuma gudunta ya fi gudun kwanaki, sai ta bar su a baya. Mu nan gero ya nuna an girbe, ya sake nuna an girbe, shi kuwa a wurinsa ko azahar ba ta yi ba. Yana ta sauri ne, yana cewa kada ruwan tukunya ya ƙone." Ta faɗi haka tana kallon wuta, amma na san da ni take. Na sa kaina a cinyarta, ta bar shi a nan, abin da ba ta saba yi ba.

Labarin ya zo da ƙafarsa. Wani tsohon soja mai suna Kyari, mutumin Karasuwa, ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya tsuguna ya cire hula. Ya ce tare suke da mahaifina har aka gama yaƙi, suka shiga jirgin ruwa za su gida. A hanya zazzaɓi ya kama mahaifina, rai ya yi halinsa. Suka yi masa wanka, suka sallace shi, aka sa shi a teku. Inna ta faɗi. Mata suka cika gida da salati. Kaka ta ce, "Allah ya ji ƙan musulmi," kamar an gaya mata rasuwar baƙo, ta tashi ta shiga ɗakinta. Wallahi a ranar na tsane ta.

Bayan an yi sadakar uku, da hantsi, ido na ganin ido, ta aika a tara mata yara a gindin wutar da ta mutu. Ta ce, "Ga ta nan tafe bisa ruwa." Muka kalli juna. Wata yarinya ta ce, "Kaka, rana ce fa. An ce mai jin tatsuniya da rana ɓata yake yi." Kaka ta ce, "Mai ɓata ya riga ya ɓata. Ku amsa mini." Muka amsa.

Ta ce masunci ya cika gorarsa ya juyo gida. Ya sauka a bakin kogi, kifinsa ko daina motsi bai yi ba. Ya nufi gidansu da gudu, sai ya tarar ba gida, wata ƙatuwar tsamiya ce tsaye a inda murhun uwarsa yake. Mutanen garin suka kewaye shi, ba fuskar da ya sani. Ya ce, "Ina tsohuwar da ta ɗora tukunya a nan ɗazu?" Suka ce ba su taɓa jin labarinta ba. Suka ce, "Kai wane ne, ɗan samari?"

Kaka ta tona tokar murhu da kara. Sannan ta ce, "Sai ya ce musu, ni ne Bukar." Ta sake faɗa a hankali, "Bukar." Ta ce, "Ƙurunƙus kan tarwaɗa," ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ba ta ƙara yin tatsuniya ba har Allah ya karɓi abinsa a damina ta gaba.

Yanzu ina zaune a Gashuwa a gidan ɗana. Jikana Modu yana da wasu tsofaffin littattafan Turanci, bango ya yage, na gajerun labaran masu tafiya duniyar taurari. An rubuta su tun kafin a haifi ubansa, shi da abokansa sun karance su har sun haddace, amma kullum sai wani ya zo aro. Na ce masa me ya rage a ciki da ba ku tsotse ba? Sai ya zauna ya fassara mini ɗaya, na wani matuƙi da ya dawo ya tarar duk nasa sun tsufa sun mutu. Ya ce wai masana sun tabbatar haka abin yake. Na ce masa tsohuwar da ba ta san alif ba ta riga su, ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Ban ga laifin yaran nan ba da suke komawa kan littattafan. Jiragen da ke ciki sun tsufa, amma har gobe akwai mai tafiya, akwai wanda aka bari yana jira, kuma shi wanda aka bari yana so a ce masa ba a manta da shi ba.

Abin da Kaka ba ta gaya mini ba, sai da na tsufa na gano shi da kaina. Mahaifina bai kai talatin ba ya tafi, kuma a nan ya tsaya. Ni na yi furfura, haƙorana sun zube, 'ya'yana duk sun girme shi. Da zai yi sallama yau da kifinsa a hannu, zai durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Iya, don Allah ko kin ga wata 'yar yarinya a nan?"